Katin Awon 'Yan Tsaki

Da asuba, lokacin da sauran jama'a ke laluben takalmansu, yayata tana tsugune a tsakar ɗakinta tana saka ɗan tsako a cikin kofin shayi. Kofin yana kan sikelin kicin. Ta sunkuya ta kalli allurar, ta faɗi lamba, ta juye tsakon a tafin hannun ɗanta, ta ce, "Na gaba." Haka na same ta ranar da na kawo murfin akwatin da ta sa ni ƙerawa, haka kuma ta yi kowace safiya har mako shida.

Ni ƙaninta ne, kafinta. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Shekara goma sha huɗu ta yi a asibitin unguwa, a ɗakin awon jarirai. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Aikinta ta ɗora jariri a sikeli, ta rubuta a kati, ta yi wa uwarsa faɗa. Shi ya sa kowa ke ce mata Mai Awo, har mijinta. Idan uwa ta fara rantsuwa cewa yaron yana ci kamar gara, sai ta ɗaga mata hannu ta ce, "Baki ba shi da allura. Ɗora shi."

'Ya'yanta uku. Babban, Dogo, shekararsa goma, ba ya magana sai dole. Mai bi masa mace ce, ana ce mata Lauya, dalili kuwa ba sai na faɗa ba. Sai Auta, 'yar shekara shida.

Wata rana ciwon kai ya kwantar da Yaya, ta miƙa wa Dogo kwalbar magani ta ce ya karanta mata sau nawa ake sha. Yaron ya juya kwalbar gaba, ya juya ta baya, ya girgiza ta, ya ce, "Umma, magani ne." Yana aji huɗu a lokacin. Takardar sakamakonsa ta ce shi ne na goma sha ɗaya a cikin mutum casa'in da uku. Yaya ta tashi da ciwon kan ta je makarantar. Malaminsu ya ce yaron yana ƙoƙari ƙwarai. Ta waiwaya ko'ina a ofis ɗin ba ta ga abin da za ta ce a ɗora shi a kai ba. Ƙarshen wata ta ajiye aiki, ta kwaso su ukun ta dawo da su gida, ta ce ita za ta koya musu.

Mijinta direban tanka ne, kwana huɗu yake yi a gida cikin wata. Abin bai yi masa daɗi ba, amma ya san musu da ita ɓata yawu ne, sai ya kira wansa. Wan nasa tsohon hedimasta ne, shekara talatin yana riƙe da makaranta, har yanzu in zai ce a ba shi ruwa sai ya fara da "na farko". Ina falon ranar ina gyara ƙafar kujera, don haka na ji komai. Hedimasta ya yi awa guda yana bayani a kan manhaja. Da ya gaji ya yanke hukunci: wata biyu. Ranar da Direba ya dawo daga doguwar tafiyarsa, shi Hedimasta zai yi wa yaran jarrabawa. In sun faɗi, Litinin su koma makaranta, ita ta koma neman aikinta, kada a ƙara tayar da zancen.

Da zai fita ya ciro wata tsohuwar ƙararrawar hannu daga jakarsa, mai mariƙin katako, ya ajiye mata a tebur.

"Ungo, Malama," ya ce, yana murmushin gefen baki. "Makarantar da ba ta da ƙararrawa ai kasuwa ce."

Yaya ta ce ta gode. Ba ta san zolaya ba ce, ko kuma ta sani ba ta damu ba.

Mako biyun farko sun tafi a banza. Na yi mata allo, na shafa masa baƙin fenti. Ta tsaya gabansa da alli kamar wadda aka kama da kayan sata. Dogo ya kalli rufin ɗaki, Auta ta yi barci, Lauya ta tambaye ta me ya sa ake fara ƙirga daga ɗaya. Rana ta goma sha huɗu ta zo shagona.

"Ƙera mini akwati."

"Na littattafai?"

"Na 'yan tsaki. Ka sa ƙwan lantarki a ciki, ka zubo mini garin katako buhu guda."

"Yaya, makarantar fa?"

"Ni abu ɗaya na iya," ta ce. "Shi zan koya musu."

Ta sayo 'yan tsakin gidan gona guda ashirin da huɗu, 'yan kwana ɗaya, rawaya. Mai sayarwa ya ƙara mata ɗaya gyara, wani ɗan ja-ja mai siririyar ƙafa. Kowane tsako ta naɗa masa filasta a ƙafa ta rubuta lamba, yadda ake yi wa jarirai a hannu. Kowanne ta yanka masa kati daga kwalin sabulu, da layin rana, da layin nauyi, da layin bayani. Ta raba su: takwas na Dogo, takwas na Lauya, takwas na Auta, sai na ashirin da biyar da aka ɗora wa Auta don ita ta fara ɗaukarsa. Sunansa ya zama Gyara.

Tsarin asibiti ta kwaso gaba ɗaya ta zuba a ɗakin. Da asuba ta kaɗa ƙararrawa. Yaran su jeru a benci, kowa da tsako a hannu da kati. Ba a ba tsaki abinci sai an gama awo. Ita ta faɗi lamba, mai tsako ya rubuta, ya cire nauyin jiya daga na yau, ya faɗi abin da aka ƙaru. Kuma ba ta kiran su da sunansu.

"Uwar lamba bakwai!"

Dogo ya miƙe. "Umma, ni fa namiji ne."

"A nan duk wanda ya kawo awo uwa ce. Me kike ba yaron nan? Giram biyu kacal tun jiya?"

"Ture shi suke yi a wajen ci."

"Rubuta a bayani."

"Ban iya rubuta 'ture' ba."

"To ki zauna a benci har ki iya. Na gaba."

Ya zauna. Lauya ta nuna masa da yatsa a kan cinyarta. Ya ɗauki rabin awa, ya rubuta wani abu mai kama da sawun kaza a laka, amma 'ture' ne.

Rana ta uku da zuwan 'yan tsakin, lamba sha ɗaya ya faɗa a farantin ruwa ya mutu. Yaya ta rufe awo ta buɗe bincike. Aka kira ni shaida, don ni na kawo farantin. Lauya ta tsare ni da tambayoyi.

"Kawu, ka auna zurfinsa kafin ka kawo?"

"Faranti ne fa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Aka auna farantin da rula, aka auna ƙafar mamacin, aka samu farantin ya fi ƙafar zurfi. Laifi ya hau kaina. Hukuncin da aka yanke mini shi ne in kawo tsakuwa a zuba a farantin don tsaki su riƙa takawa. Na kawo. Yara suna da gaskiya. Wani kuma ya sake mutuwa bayan kwana biyu ba dalili, wannan ba a samu wanda za a kama ba, sai aka rubuta haka.

Rana ta bakwai Yaya ta aiko Auta ta kira ni da gudu. Na tarar da ita a tsaye a kan sikeli, fuskarta ba kyau.

"Sikelin nan ya lalace. Gyara shi."

"Ni kafinta ne."

"Ba guduma gare ka ba?"

Abin da ya faru shi ne, tsakon da ya zo da giram arba'in yanzu ya doshi ɗari da saba'in. A ilimin Yaya, jariri sai ya yi wata biyar kafin ya ninka nauyinsa sau ɗaya. Waɗannan sun ninka sau huɗu a mako. Ta ce abu biyu ne: ko sikeli na ƙarya, ko kumburi ne. Ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana danna musu ƙafa da yatsa ta ga ko wurin zai loɓa. Ta ɗauke abincinsu. Tsaki ashirin da uku suka cika gidan da kuka har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Na bubbuga sikelin don a ga na yi wani abu. Lauya ce ta shiga kicin ta fito da ledar gishiri da ba a fasa ba.

"Wannan an rubuta nauyinsa a jiki. In sikelin ya faɗi daidai, ba shi ne maƙaryaci ba."

"Wa zai karanta?" in ji Yaya.

Lauya ta buɗe baki, Yaya ta harare ta. Dogo ya karɓi ledar. Ya ɗora yatsa, ya bi a hankali, yana haɗa baƙi da baƙi kamar mai tsallake kwata. Ya ce giram ɗari biyar. Aka ɗora. Allura ta tsaya a ɗari biyar.

Yaya ba ta ce madalla ba. Ta juya ta shiga kicin, ta daɗe a ciki, ba na jin ƙarar komai. Da ta fito ta fito da abincin tsaki, ta zuba musu har ya yi tozo.

Daga nan suka riƙa girma kamar ana hura su. Kofi ya yi kaɗan aka koma kwano, kwano ya yi kaɗan aka koma bokiti, aka rataye shi a tsohon sikelin ƙugiya da asibiti suka ba ta ranar da ta bar aiki. Duk mako sai an sake filasta don ƙafa ta cika ta. Na yi musu keji a bayan gida. Ƙofar kejin ba ta da sakata, na ce gobe zan kawo.

Gyara kaɗai ya ƙi. 'Yan uwansa sun yi fari sun yi ƙirji, shi yana nan ɗan ja, sai tsalle da neman faɗa. Kullum katinsa da jan biro. Kullum Auta tana shan faɗa.

"Uwar Gyara, ke wace irin uwa ce? Dubi 'ya'yan mutane."

Na ce mata sau ɗaya, "Yaya, wannan kamar ba irinsu ba ne."

Ta ce, "Baki ba shi da allura."

Na koma shagona.

Wata safiya Gyara ya ƙaru da giram sittin a dare ɗaya. Yaya ta kalli allura, ta kalli Auta. Auta ta kalli bango. Aka juye kwanon, sai ga ƙatuwar ƙusar ƙarfe ta akwatin kayan aikina ta faɗo. Ba a doke ta ba. An dai kafa doka: kafin a auna kowa sai an auna mazubin babu komai a ciki, a rubuta, a cire daga baya. Aka ɗora wa Auta wannan aikin. Ba a taɓa samun ma'aikaci mai tsanani kamar tsohon ɓarawo ba.

Ranar jarrabawa Direba ya dawo, ya yi wanka, ya zauna a falo yana hamma. An gama awon asuba tun ɗazu, kaji suna keji. Hedimasta ya iso da hantsi da takardu uku da ya kwana bakwai yana rubutawa da alƙalamin tawada. Aka kawo masa shayi. Ni na zo kawo sakatar keji, tana aljihuna, sai na ce bari in ga yadda za ta kaya tukuna.

Ya fara da tambayar baka, wai don ya sauƙaƙa musu, ya ɗauko daga fanninsu.

"Idan kaza ɗaya kilo biyu ce, kaji biyar kilo nawa ne?"

Lauya ta ɗaga hannu. "Baffa, waɗanne kajin?"

"Kaji dai."

"Ai babu biyu masu nauyi ɗaya. Kafin su ci ko bayan sun ci?"

"A ɗauka duk ɗaya suke."

"Wa ya auna su?"

Hedimasta ya rubuta sifili, ya zagaye shi sau biyu. Direba ya kalli matarsa. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu, amma na ga yatsunta suna matsa gwiwar hannunta. Hedimasta ya yi tambaya ta biyu a kan nahiyoyin duniya. Ba wanda ya tanka. Sifili na biyu.

"To, a shiga ta rubutu," ya ce, ya jera takardun a tebur. "Ina ƙararrawata?"

Auta ta kawo.

"Malam," in ji Yaya, "kada ka kaɗa ta."

"Shekara talatin ina kaɗa ƙararrawar nan kafin jarrabawa. Ba yau za a koya mini ba."

Ya kaɗa, da ƙarfi, sau uku.

Da farko ba a ji komai ba. Sai wani sauti daga bayan gida kamar ana jan buhuna. Kajin nan ba sa gudu, nauyi ya hana su, tafiya suke yi irin ta masu juna biyu. Suka ture ƙofar da ba ta da sakata, suka bi ta kicin, suka shigo falo, ashirin da biyu farare, Gyara yana gaba. Tun suna kwana ɗaya a duniya sun san abu guda: wanda ya riƙe ƙararrawa shi ne mai abinci. Suka kewaye Hedimasta. Ya ɗaga ƙafafunsa kan kujera. Ya ɗaga ƙararrawar sama don kada su taɓa, ta sake kaɗawa, suka ƙara matsowa. Gyara ya yi tsalle ya hau tebur ya ture kofin shayi. Tawadar kwana bakwai ta narke ta bi takardu ta sauka a tabarma.

"Ku kore su!"

"Ba sa koruwa, Baffa," in ji Lauya. "An kaɗa. Sai an auna su an ba su abinci."

Kafin ta rufe baki Dogo ya shigo da sikelin ƙugiya ya rataye a ƙusar labule, Auta ta jawo bokiti, katuna suna hannun Lauya. Ba wanda ya sa su. Direba ya fara dariya ya mayar da ita tari.

Hedimasta ya miƙa hannu daga kan kujerarsa ya fizgi kati ɗaya, na lamba bakwai. Ya duba gaba da baya.

"Uwarku ce ta rubuta wannan."

"Ni ne," in ji Dogo.

"Karanta."

Dogo ya karanta, tun daga ranar farko. Giram arba'in da biyu. An ture shi a wajen ci. Ya yi zawo. An sake masa filasta. Ya ciji Kawu. Bai yi sauri ba, amma bai tsaya ba. Hedimasta ya ba shi alƙalaminsa ya ce ya rubuta a bayan jiƙaƙƙiyar takarda abin da ya faru yanzu. Yaron ya rubuta: Baffa ya kaɗa, kaji sun zo.

"Lambobin fa? Kowa zai iya ƙirƙirar lamba. Ni zan auna da kaina."

Ya sauko a hankali, ya kama lamba bakwai kamar mai ɗaukar garwashi, ya jefa a bokiti, ya gyara tabarau. "Kilo uku da giram ɗari. Katin ya ce biyu da ɗari bakwai. Kun gani? Ƙarya."

Auta ta ja masa riga.

"Baffa, ba ka cire bokiti ba."

"Me?"

"Bokiti ɗari huɗu ne. Ba a auna kowa sai an auna bokiti. In ba haka ba mutum zai iya saka ƙarfe."

Aka fitar da kazar aka auna bokiti. Ɗari huɗu. Hedimasta ya yi lissafin a ransa, na ga leɓensa yana motsi, Lauya ta riga shi faɗa. Ya kama ta gaba. Haka ya auna ashirin da biyu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana kiran lamba, yara suna cirewa suna rubutawa. Sau biyu ya faɗi lambar da ba ita ba da gangan, sau biyu suka kama shi. A ƙarshe ya ce Dogo ya haɗa duka. Ya haɗa. Hedimasta ya bi lissafin da alƙalami daga sama har ƙasa, ya rufe alƙalamin.

Saura Gyara. Ya ɗauki katinsa ya ga jan biro tun daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

Auta ta fara hawaye. "Ba ya girma. Ina ba shi. Wallahi ina ba shi."

Hedimasta ya ɗaga Gyara, ya buɗe fiffikensa, ya duba ƙafarsa, Gyara ya sare shi a yatsa.

"Wa ya ce ba ya girma? Wannan ai zakaran gida ne, ba irin waɗancan ba. Haka jinsinsu yake. Duk cikinsu ma ya fi su lafiya. Malama, kin auna shi da awon wasu."

Yaya ta taho ta karɓi katin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ciro baƙin biro ta rubuta a ƙasan jan nan duka: Lafiya lau. Uwar ta yi ƙoƙari. Ta miƙa wa Auta ta ce ta kai wa Dogo ya karanta mata.

Hedimasta ya zauna yana tsotsar yatsa. Direba ya ce, "To, Malam, ya ake ciki?"

"Na farko, ba su san nahiya ko ɗaya ba. Na biyu, yarinyar nan ba ta da ladabin amsa tambaya. Na uku," ya ciro gashin kaza daga aljihun rigarsa, "sun iya karatu, sun iya lissafi, kuma ba sa karɓar lamba don babba ne ya faɗa. Su zauna a gida. Zan riƙa zuwa Talata da Alhamis in koya musu sauran. Ƙararrawar nan kuma a ɓoye ta in na zo."

Direba ya ce ya ji. Sannan ya kalli lamba bakwai ya tambaya yaushe za a fara cin su. Ba wanda ya yi masa magana a gidan har washegari.

Na sa sakatar a ranar. Farare dai an sallame su cikin makon, Yaya ta rubuta "sallama" a katin kowacce, yaran ba su tambayi inda aka kai su ba, ita ma ba ta faɗa ba. Gyara ya zauna.

Bayan wata guda na samu aikin rufin wani gini a nesa, na biya da sassafe in ɗauki zartona da na bari a gidan. Na tarar da sabbin 'yan tsaki a akwati, yara a benci, Gyara a kan allo yana koyon cara. Yaya ta gama da na hannunta, ta miƙo mini zarton, ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Ka rame."

"Lafiyata lau, Yaya. Ina ci sosai."

Ta jawo kwalin sabulu, ta yanki kati, ta ja masa layi uku, ta rubuta lamba a sama. Ta aiki Dogo maƙwabta ya aro sikelin takawa, ta nuna mini benci da biro.